Zaharaddini da Na'urar da Ba Ta Waiwaye

Duk zuriyar Alhaji Ɗantsoho mai goro babu wanda aka cire wa rai da wuri kamar Zaharaddini. Kakan ya sauko Bangui daga Damagaram, ya kafa rumfa a unguwar Kilomita Biyar tun titin Koudoukou yana jar ƙasa. 'Ya'yansa suka sayar da atamfa, jikoki suka kama kayan babur, kowa da abin da yake ɗagawa a gani a taya. Shi kuwa Zaharaddini, ranar da aka zaunar da shi shagon ubansa, mata uku suka shigo suka fita bai ɗaga kai ba. Yana can ya kwance rediyon maƙwabci, ya baje hanjinta a kan yadin mutane.

A unguwar Miskine aka haife shi, a can ya girma. Sango, yaren ƙasar, ta fi zama a bakinsa, in ya ɗauko Hausa sai gwaggonsa Hureira ta ce kamar mai tauna tsakuwa. Da ya tasa ya liƙe a wani shagon intanet, yau ya gyara wannan kwamfuta, gobe ya ja wa wancan ofishi waya. Ya kai shekara talatin da biyu bai tara komai ba sai tabarau da buhun igiyoyi. Mutum ne marar hayaniya, in ka yi masa tambaya sai ka ƙirga goma kafin ya amsa, amma in ya amsa ɗin ba ka sake tambaya.

Sai Disambar 2013 ta zo da abin da ta zo da shi. Ranar da aka shiga Miskine da adduna ana farautar Musulmi, yayarsa Mas'uda, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, ta goya jaririya a baya, ta ja namijin a hannu, ta gudu ba takalmi. Babbar 'yarta Ulfa, mai shekara tara, an aike ta sayen gawayi. Ba ta dawo ba kafin a gudu, babu kuma wanda ya iya komawa nemanta. Suka tare gidan Gwaggo Hureira a Kilomita Biyar, unguwar da ta zama kamar tukunya mai murfi: Musulmi in ya wuce shingen sojoji da taku ɗari, sai dai a yi masa addu'a.

A nan ne buhun igiyoyin ya yi rana. Wata ƙaramar ƙungiyar agaji ta fara rubuta sunayen waɗanda suka watse. Masu rubutun suna bin sansanoni, filin jirgi, harabar coci, harabar masallaci, duk sunan da suka samu sai su tura shi cikin babbar na'ura ɗaya, uwar na'ura, wadda ke kulle a wani ofishi can cikin gari kusa da kogi. Zaharaddini ne ya kafa musu ita tun ana zaman lafiya. Da masanan ofishin suka hau jirgi, sai suka bar masa mabuɗinta, ba na ƙarfe ba, na kalmomi. A can babu kowa sai maigadi, wani tsoho Kirista mai suna Papa Firmin, wanda bai san baƙi ɗaya ba amma ya san zuba mai a janareto. Man kuma a gwargwade yake: a kunna da hantsi, a kashe ƙarfe huɗu.

Shi Zaharaddini ya kafa tebur a gindin mangwaro kusa da babban masallaci, da ƙaramar kwamfutarsa. Ita ƙaramar ba ta san komai ba, 'yar aike ce. Ka faɗi sunan wanda ya ɓace maka, ta kai tambayar ga uwar ta kan rezo, wannan hanyar iska da wayoyi ke bi, ta kawo amsa. Mutane suka riƙa jeruwa tun safe, kowa da sunan da yake riƙe da shi a baki kamar garwashi.

Sati goma yana buga sunan Ulfa kullum kafin ya kira na farkon layi. Sati goma ana ce masa babu.

Cikin Fabrairu aka ce ayarin manyan motoci zai tashi ranar Asabar zuwa iyakar Kamaru da rakiyar sojojin Afirka, kuma babu wanda ya san ranar na gaba. Gwaggo Hureira ta yi ta zage-zagenta har ta samo wa Mas'uda wuri a bayan wata gingimari. Jaririyar tana zawo, ta rame har kanta ya fi ƙarfin wuyanta, magani kuma ya ƙare a unguwa. Mas'uda ta ce ba ta taka motar.

"Ke wace irin uwa ce?" in ji Gwaggo. "Ki zauna jiran wadda ba ki gani ba, ta hannunki ta mace?"

"In tafi in ce wa wa ya tsaya mata, Gwaggo? In ta dawo ta tarar da wa?"

"Ta tarar da ni, ko ni gawa ce?"

Mas'uda ta juya ta dubi ƙanenta, shi ke nan kallon da ta yi masa, ya ajiye cokali ya fita.

Ranar Talata aka zuba sabbin sunaye daga sansanin filin jirgi, inda Kiristoci suka taru, dubu sittin da wani abu. Ya buga Ulfa, babu. Sai ya zauna ya yi tunani irin nasa mai jinkiri. Yarinyar Musulmi in tana raye a wancan sansani, ai ba da sunanta take yawo ba. Don haka ya bar suna, ya shirya doguwar tambaya: a duba masa kowace yarinya daga shekara takwas zuwa goma, wadda aka rubuta a hannun wanda ba uwarta ba, a kuma karanta bayanin da masu rubutu suka ƙara a gefen kowane suna, ko an ambaci tabon ƙuna a wuyan hannun hagu. Ulfa tana da shi tun tana rarrafe, shayi ne ya zube mata.

To tambayar suna kamar ka ce wa mai shago ya miƙo maka ashana ne, hannu zai kai kanta ya ɗauko. Wannan kuwa aike ne zuwa sito, a kwance buhu dubu sittin ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar na'ura irin wannan sai ta ci minti arba'in. Rezon Kilomita Biyar kuma a kwanakin nan in ya zauna minti goma to an yi sa'a. Ko wuta ta ɗauke a turken wayar, ko a yi harbi, ko ya tafi haka kawai don bai ga dama ba.

Ranar Laraba ya tura tambayar. Minti shida rezo ya tsinke. Ya dawo, ya sake turawa. Ya tsinke, ya sake. Mas'uda tana tsaye a kansa da jaririya, duk tsinkewa sai ta ce, "Sake danna mata, ɗan nan, kurma ce." Shi kuma ya danna. Kafin azahar ko tambayar ashana ba ta dawowa. Layi ya kai bakin titi, mata suka fara cewa mai tabarau ya lalata abin mutane.

Wayarsa ta yi ƙara. Papa Firmin ne, yana magana da Sango da ƙarfi kamar mai kiran wani a ƙetaren kogi.

"Ɗana, me ka ba dabbar nan taka ta ci?"

"Lafiya, Papa?"

"Ina lafiya! Tana gurnani kamar jirgi zai tashi. Na ɗora hannu a bayanta, wallahi za ta soya ƙwai."

"Papa, kai ma wallahi kake cewa?"

"Shekara ashirin ina gadin shagunanku, me kake so in ce? Janareto ma yana tari. In ta fashe ni ba na biyan kowa, gudu zan yi."

Da rezo ya leƙo, Zaharaddini bai tura komai ba. Ya yi amfani da mabuɗinsa ya shiga cikin uwar na'urar ya duba abin da take yi. Sai ya cire tabarau ya goge ya mayar. Tambayoyi goma sha huɗu take ɗauke da su, dukansu nasa, dukansu iri ɗaya, kowace tana can tana kwance buhuna.

Ashe halinta ke nan. In ta karɓi aike ta shiga sito, ba ta waiwaye. Ba ta san mai tambaya ya tafi ba, don babu mai shiga ya gaya mata. Sai ta gama tsaf, ta fito da amsa a hannu, ta miƙa, ta tarar babu kowa a ƙofa, sannan ta watsar da ita. Duk dannawar da ya yi sabon mutum ta ɗauke shi, ta raba ƙarfinta gida goma sha huɗu tana yi wa fatalwowi aiki, masu rai suna tsaye a rana.

Ya yi wa Mas'uda bayani. Ta ce, "To ita ba ta da hankali, kai da ka haɗa ta fa?"

Ya kashe tambayoyin sha huɗu da hannunsa. Ranar Alhamis da safe ya koya mata waiwaye: duk daƙiƙa kaɗan ta leƙo ta ga ko mai tambaya yana nan, in ya tafi ta jefar da aikin ta kama na wani. Abin ya yi kyau. Papa Firmin ya bugo ya ce dabba ta yi sanyi, har ya jingina da ita. Layi ya tafi kamar ruwa. Wani dattijo ya sami ƙaninsa a wata harabar coci, ya faɗi ya yi sujada a kan turɓaya. Matan da suka zage shi jiya suka ce dama su sun san yaron kirki ne.

Sai dai doguwar tambayarsa ita ta fi kowa shan wannan gyara. Ya tura, rezo ya tsinke, na'ura ta leƙo ba ta gan shi ba, ta zubar. Sau tara. Sau ɗaya ta kai minti ashirin da shida, wata mota ta wuce, rezo ya bi ta. Jiya tana gamawa ta rasa wanda za ta ba, yau ba ta gamawa sam, kuma shi ya koya mata. Ƙarfe huɗu Papa Firmin ya kashe janareto. Saura yini ɗaya.

Ranar Juma'a da sassafe ya bi ta wurin injin niƙan Gwaggo Hureira, don babu abin yi kafin a kunna wuta a ofishi. Shekara talatin tana niƙa wa matan unguwa busasshen rogo, garin gozo, a wata rumfar kwano bayan kasuwa. Mata bakwai suna jere da kwanoninsu ana hira. Sai ga harbi daga wajen unguwar Yakité, tatatata, ba nisa. Kafin ka ce me, rumfa ta zama wayam. Wata ma ta bar takalmi ɗaya.

Zaharaddini ya duƙa bayan buhu. Gwaggo ko gezau, ta jawo kwano na gaba ta juye a inji.

"Gwaggo, sun fa gudu."

"Na ga ƙurarsu."

"To wa kike niƙa wa?"

"Uwarka nake niƙa wa. Su da suka gudu cikinsu ma gudu ya yi? Anjima za su dawo da yunwarsu."

Ta tare garin a kwanon, ta rufe da faifai, ta ɗora kan wani katako da ke jikin bango. Sai a lokacin ya lura kowane kwano da ƙyalle ɗaure a kunnensa, wannan ja, wancan mai ganye, wancan bakin zane.

"Wannan fa?"

"Tun da aka fara harbe-harben nan na kafa doka. Wadda ta ɗaura ƙyallenta, ta ce mini za ta dawo ke nan. Ko bayan kwana biyu ta zo, ta nuna mini irinsa, ta ɗauki garinta. Wadda ta tsaya da kwano a hannu ba alama ta arce, ba na ƙona mata maina, in ture shi gefe."

"In ba ki san ta tafi ba fa?"

"Ni makauniya ce? Ina niƙa ina waiwaye. Kai dai da ka yi boko, tashi daga kan buhun mutane."

Ya tashi ɗin, amma bai motsa ba. Yana tsaye yana kallon katakon nan kamar bai taɓa ganin katako ba. Gwaggo ta ce ko aljanu ne a kira malam. Bai ji ta ba, ya riga ya kama hanyar gindin mangwaro.

Abin da ya yi ba shi da yawa, in ji shi daga baya, layi kaɗan ne na rubutu. Ya yi wa uwar na'ura katako a cikinta. Ƙananan tambayoyi su ci gaba yadda suke, mai tambaya in ya ɓace a zubar. Amma doguwar tambaya za ta tafi da lamba ɗaure a kunne. Mai lamba ba a waiwayensa: a gama masa aikinsa ko yana nan ko ba ya nan, a ɗora amsar a katako, ya zo da lambarsa ya ɗauka. In kuma an sake turo lambar da ake kan aikinta, kada a ɗauke ta sabon mutum. Rezo ya tsinke masa sau huɗu yana wannan gyara, bai ko yi tsaki ba.

Ƙarfe sha ɗaya ya tura tambayar Ulfa, lamba ta ɗaya. Minti huɗu rezo ya tafi. Wannan karon tafiya ya yi ta gaske.

Mas'uda ta ce, "Danna mata."

"Ba na dannawa, Yaya."

"Ka zauna ka zuba mata ido?"

"Tana yi. Ba ma gani ne kawai."

"Ka ga tana yi?"

Ya ƙirga gomansa. "Ban gani ba."

Aka yi kiran salla, ya rufe kwamfuta ya shiga sahu. Allah ya yafe masa, huɗubar ranar ko kalma bai riƙe ba. Aka sallame, babu rezo. Ƙarfe biyu, babu. Ya kira Papa Firmin da wayar wani mai layin daban.

"Ta yi gurnani wajen sha ɗaya," in ji tsohon, "ta daɗe tana yi, sannan ta yi shiru. Man da ya rage ba zai wuce huɗu ba, kada ka roƙe ni."

Uku saura kwata rezo ya leƙo da sanda ɗaya. Zaharaddini ya buga lamba ɗaya. Amsa tana nan a katako, ta huce tun kafin azahar. Yara biyar. Ta huɗu an rubuta ta Marie, shekara tara, daga Miskine, a hannun wata Honorine. A gefe mai rubutu ya ƙara: matar ta ce 'yar maƙwabta ce, kada a faɗa a sansani, tabon ƙuna a wuyan hannun hagu. Ga lambar waya.

Ya karanta a fili. Mas'uda ta zame ta zauna a ƙasa.

"Honorine mai banda," ta ce. "Bayan gidanmu take. Kullum muna faɗa da ita a kan hayaƙin kifinta."

Aka buga. Matar ta ɗauka, da ta ji muryar Mas'uda sai aka ji tana tafiya, hayaniyar sansani tana raguwa. Sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa. A bakin rumfar gawayi ta tsinci yarinyar ranar nan, ta cire mata ɗankwali ta cusa a kwandon kifi, ta ce wa masu adduna 'yar ƙanwarta ce. Ta nemi wayar Mas'uda har ta gaji, wayar kuwa ta ƙone da gidan. Can aka ji wata ƙaramar murya da Sango: "Mama, mbi la." Ni ce, Mama. Duk layin nan, har mazan da suka zo da nasu baƙin cikin, babu wanda bai share ido ba.

Ranar Asabar motoci suka jeru a titin Koudoukou tun da gari ya waye, an ɗaure katifu da tukwane har sama. Ƙarfe takwas za a tashi. Bakwai ta wuce, da kwata ta wuce. Gwaggo Hureira ta tsaya gaban gingimarin ta gaya wa direba in ya isa ya taka ta. Bakwai da rabi wani ɗan acaɓa ya tsaya nesa da shingen sojoji, ya ƙi matsowa. Wata gajeriyar mata ta sauko, ta riƙo hannun yarinya mai gajeren siket da kitson da ba na gidansu ba, suka tako a hankali.

Honorine ba ta ƙetare shingen ba, Mas'uda ma ba a bar ta ta fita ba. Ta ƙarƙashin sandar shingen yarinyar ta sunkuyo. Uwar ta kama hannun hagun ta juya shi, ta duba, kamar ba ta yarda da fuskar ba, sannan ta rungume ta har jaririyar ta tsala ihu. Ta rasa abin da za ta ba matar nan, sai ta zare mayafinta ta miƙa ta kan sandar.

"Singila, Honorine. Na gode."

"Ba ta cin kifi in ba a cire ƙaya ba," in ji Honorine. "Kin lalata ta da gata. Ku tafi, ana jiranku."

Aka ɗaga yara sama, Mas'uda ta hau. Ta leƙo ta kan katifa ta ce, "Zaharaddini, akwai wurin mutum ɗaya. Hawo."

"Jiya da yamma na tura tambaya talatin da ɗaya, Yaya. Na ba masu su lamba a takarda, na ce su dawo Litinin."

"Wani ya ba su mana."

"Wa?"

Direba ya danna oda, motar gaba ta motsa. Ulfa ta miƙe tsaye a kan buhu tana ɗaga masa hannu biyu tana kiran Kawu, shi kuma ya bi gefen motar da sassarfa yana ce mata ta zauna kada ta faɗo, har sojoji suka tare shi a shinge.